ARON MURYA

Shafi na 27

Daga alƙalamin A'isha Humaira

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na ji ku. Aikin uni ne ya riƙe ni, ba jan aji ba. Wadda kuma ta ce in tausaya wa Sha'aban, ki karanta tukuna, sai ki faɗa min wanda ya fi cancantar tausayi.

*

Tun daga bakin get ɗin tashar talabijin, Sha'aban Jumare ya hango motar ƙanwarsa Raki. Raki ba ta zuwa wurin aikinsa.

Shirinsa na "Kafin a Kwanta" da yamma ake ɗaukarsa a gaban 'yan kallo a nan Manchester, sai dare a haska shi. Tun da ya rage fitowa a fim ya koma gabatarwa, ya zauna da mawaƙa da malamai da 'yan ƙwallo, babu wanda ya hana shi barci. Sai baƙon yau. Yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, Aminullahi Jumare, kansila a Birmingham, wanda ke neman kujerar majalisar dokoki, zaɓe kuma ya ƙarato.

A baranda Raki ta tare shi, idonta jawur.

"Yaya Sha'aban, Umma na cikin mota."

"Wace Umma?"

"Umma nawa gare mu?"

Ya dafa bango.

"Raki, me ya kai ki?"

"Ni na kai kaina? Maman Goodnews ta flat ɗin ƙasa ce ta hawo da safe, ta ce mata ta ga talla, wai Yaya Aminu zai zo Manchester yau. Shi ke nan. Tun azahar ta yi wanka, ta sa in ciro mata leshin sallah. Har dambun nama ta sa na ƙulla, wai a kai wa Zoe, 'yar Yaya Aminu."

"Ki ce mata an ɗage."

"Na faɗa. Ta ce in ba zan kai ta ba, in tsayar mata da bas a Ardwick Green, za ta tambayi hanya."

Raki ta rage murya.

"Ta ce jiya da suka yi waya bai faɗa mata zai zo ba, wai so yake ya ba ta mamaki."

Sha'aban ya runtse ido.

Jiya da suka yi waya. Shi ne ya yi wayar. A cikin motarsa, gilasai a rufe, ya gyara maƙogwaro ya zama yayansa. Haka yake yi duk mako tun bayan da ciwon suga ya tafi da ganin Umma, ta daina cin abinci, ta koma tambayar abu ɗaya safe da yamma: Babana bai kira ba? Babana take ce wa Aminullahi, don sunan mahaifinta ya ci. Shi kuwa Aminullahin gaskiya, rabon da ya yi mata magana shekara huɗu ke nan.

"Kai! Da gaske Mama ce a waje?"

Lovelyn Bobai ce, mai tsara shirin, ta taho da sauri takardu a hannu, fuskarta kamar an yi mata albishir.

"Sha'aban, wannan ai daga sama ta faɗo mana. Uwa da 'ya'yanta biyu a set ɗaya, ana gab da zaɓe? Ka san mutum nawa za su kalla?"

"Lovelyn, don Allah. Ba za ta hau set ba. Kuma kar su haɗu sai na yi magana da shi."

"Lafiya dai?"

"Maganar gida ce."

Ta kalle shi, ta kalli Raki, murmushin ya ragu.

"To. Bar min ita, zan sama mata wuri mai ɗumi ta zauna. Amma ka yi sauri, mutane sun fara shiga. Ka tsaya a maƙala maka mic kafin ka wuce."

*

Aminullahi na tsaye gaban madubi a ɗakin baƙi yana gyara wuyan kwat. Manasseh, mai kula da kamfen ɗinsa, na karanta masa wani abu daga waya. Ganin Sha'aban ya sa Manasseh ya yi gaisuwa ya fice, ya ja musu ƙofa.

"Yaya, barka da zuwa. Ya hanya?"

"Lafiya. M6 ce dai, kamar kullum."

Bai juyo ba. Ta madubi yake kallon ƙanensa.

"Manasseh ya faɗa maka sharaɗina?"

"Ya faɗa."

"Gidajen council, aikin yi, matasa. Ka yi barkwancinka yadda ka saba, zan yi dariya. Ban da maganar gida."

"Umma na nan."

Hannun Aminullahi ya tsaya a kan maɓalli.

"Me ka ce?"

"Tana cikin ginin nan. Raki ce ta kawo ta."

Sai yanzu ya juyo.

"Tarko ka ɗana min."

"Wallahi ban san za ta zo ba."

"Kai ɗan fim ne, Sha'aban. Rantsuwar ma rubuta maka ake yi."

"Yaya..."

"Ka san abin da 'yan adawa ke yawo da shi a WhatsApp? Daga Sparkbrook har Ladywood, ko'ina. Wai mutumin da ya yar da uwarsa ne zai riƙe amanar jama'a. Jiya a Stratford Road wani dattijo ya ƙi karɓar hannuna. Na zo nan ne in yi maganar aiki, ashe kai kana so ka zaunar da ni gaban kyamara ka fito da ita, in yi kuka, jama'arka su tafa."

"Ba ta gani, Yaya. Ka sani?"

"Raki ta turo min."

"Ka amsa?"

"Ban amsa ba," in ji Aminullahi. "Kana wurin ranar sunan Zoe. Kana tsaye kusa da ni. Matata Bethany ko tafiya ba ta iya yi sosai, da ƙyar ta tsira a haihuwar nan. A gaban iyayenta, a gaban mutanen masallacinmu, na miƙa wa Umma jaririya. Me ta yi?"

Sha'aban ya sunkuyar da kai.

"Faɗa mana. Ba kai ne mai surutu a talabijin ba?"

"Ta janye hannunta."

"Ta ce me?"

"Ta ce... wannan ba jininta ba ce."

"Bethany ba ta jin Hausa lokacin. Amma ba ta buƙaci tafinta ba. Har yau ba ta tambaye ni ma'anar maganar ba, ni ma ban faɗa mata ba. Da a ce sau ɗaya Umma ta ce ta yi kuskure, sau ɗaya tak..."

"Ta ce."

"Ta ce me?"

"Ta ba da haƙuri. Tana kuka. Ta ce zafin zuciya ne da surutun mutane, ta ce ko rufe ido ta yi hannunta take gani lokacin da ta janye shi."

Aminullahi ya yi 'yar dariya marar daɗi.

"Wa ta ba haƙurin? Kai?"

"Kai ta ba."

"Ni? A mafarki?"

Sha'aban ya yi fim da yawa, ya mutu a wasu, ya yi hauka a wasu, amma bai taɓa yin wasan da ya kai wannan wuya ba. Ya sauke kafaɗa, ya ɗan karkatar da kai yadda yayansa ke yi.

Da ya buɗe baki, ba muryarsa ce ta fito ba.

"Salamu alaikum, Umma. Babanki ne. Ya jikin? An sha maganin safe kuwa?"

Aminullahi ya ja da baya har ya bugi kujera.

Muryarsa ce. Har 'yar shaƙewar nan da yake yi a ƙarshen tambaya. Tun suna yara a Zariya Sha'aban ke kwaikwayonsa yana ba 'yan gida dariya. Yau babu abin dariya.

"Inna lillahi..." Aminullahi ya faɗa a hankali. "Tun yaushe?"

"Tun da idon ya tafi."

"Kana kiranta. Da sunana."

"Likita ya ce in ta ci gaba da ƙin abinci sai an kwantar da ita. Na kira ka, ba ka ɗauka ba. Na zo har Birmingham, aka ce kana taro. Raki na kuka, Umma na ramewa kamar ana zuƙe ta. Na ce sau ɗaya zan yi, ta samu ta ci abinci. Ranar ta cinye tuwo har ta nemi ƙari. Da mako ya zagayo ta zauna da waya a cinya tun safe. Ya zan yi?"

"Sai ka ci gaba."

"Sai na ci gaba."

"Ranar da ta ba da haƙurin fa? Me ka ce mata?"

Sha'aban ya kawar da kai.

"Tambayarka nake!"

"Na ce... na yafe. Na ce Bethany ma ta yafe. Na ce in an gama zaɓe zan kawo mata Zoe."

Bai ga tahowarsa ba. Sai ji ya yi an cakumi wuyan rigarsa an haɗa bayansa da bango, madubin ya girgiza.

"Ka yafe? Da bakin wa? Kai aka yi wa? 'Yarka aka ce ba jini ba ce?"

"Yaya, sake ni."

"Abu ɗaya nake jira shekara huɗu. Ɗaya! In ji shi da kunnena. Ka je ka tsaya a gabana ka karɓe, ka ba da amsa, ka koma gida ka yi barci!"

"Ban yi barci ba! Kana zaton daɗi nake ji? Duk mako tana sa maka albarka a kunnena. Ni da nake kai ta asibiti, ni da nake yanke mata farce, ban taɓa jin ta yi min irin muryar da take yi maka ba. In na shigo da kaina sai ta ce, Sha'aban, yayanka ya kira, ka ji abin da ya ce? In zauna ta ba ni labarin maganar da ni na faɗa!"

Hannun Aminullahi ya saki. Ya juya, ya dafa teburin kwalliya da hannu biyu, yana numfashi kamar wanda ya yi gudu.

Daga can cikin zauren ana jin mai barkwancin da ke ɗumama 'yan kallo, ana ta dariya da tafi.

"Na zo," in ji Aminullahi, bai ɗago ba.

"Ka zo ina?"

"Gidan Umma a Ardwick. Bara, da azumi."

Sha'aban ya tsaya cak.

"Bethany ce ta matsa. Ta ce yarinya ta fara tambaya, me ya sa kowa a nursery ke da kaka biyu ita ɗaya gare ta. Na ɗauko Zoe, mu biyu. Ta zana fure a kati, ta riƙe shi tun daga Birmingham ba ta ajiye ba. Muka hau bene. Tagar kicin a buɗe take. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai na ji Umma na dariya a waya."

"Yaya..."

"Tana cewa, Babana, Allah ya yi maka albarka. Babana, ba ni da kamarka."

Ya ɗago. Idonsa ya kaɗa.

"Ina tsaye a bakin ƙofa, wayata na aljihu. Na ce to, shi ke nan. Ta cire min sunan ta ba wani. Na ce ashe ba ta rasa komai ba. Zoe na ja min hannu tana cewa, Daddy, knock. Na ce mata Granny ba ta nan. Muka sauko."

Sha'aban ya zame ya zauna a hannun kujera. Ya tuna ranar. Yana bayan set ɗin wani fim, a cikin mota, dabino a hannu yana jiran a sha ruwa.

"Ni ne," ya ce. "Ni ne a wayar."

"Yanzu na sani."

"Da ban kira ba..."

"Da na ƙwanƙwasa."

Aka buga ƙofa sau biyu, Manasseh ya ce daga waje, "Councillor, ana jiranku fa."

Aminullahi ya goge fuska da tafin hannu. Da ya sake magana, muryar ɗan siyasa ce ta dawo.

"Wa ya sani?"

"Raki kaɗai."

"Ka tabbata?"

"Yanzu ma lissafin ƙuri'a kake yi?"

"Kar ka soma. Akwai matan da suka bar 'ya'yansu suna bin gida-gida cikin ruwan sama saboda ni. Akwai tsofaffin da gidajensu ke yoyo, ni suke jira. Ka san yadda jaridu za su rubuta wannan? Ɗan takara ya ɗauki ɗan fim haya yana yi wa makauniyar uwarsa waya. Wa zai yarda ban sani ba? Ka kashe ni, Sha'aban, kuma kana ganin taimako ka yi."

"To ka fita ka gaishe ta. Shi ke nan abin da nake roƙo. A wurinta kun riga kun shirya. Ka riƙe hannunta, ka ce ya jiki. Ba sai ta san komai ba."

"In shiga fim ɗinka ke nan. In hau kan abin da ka rubuta."

"Uwarka ce!"

"Na sani! Shi ya sa ba zan yi mata ƙarya ba."

Ya ɗauki rigar sanyinsa daga jikin ƙofa.

"Ina za ka? Mutane sun cika zaure."

"Ka je ka zauna a kujerun biyu. Ka yi tambayar, ka ba da amsar. Ai ka iya."

Kafin ya kai hannu, ƙofar ta buɗe da ƙarfi.

Lovelyn ce. Babu takardu a hannunta, babu murmushi. Ta nuna ƙirjin Aminullahi, ta nuna na Sha'aban.

"Ku cire. Ku cire su yanzu."

Suka kalli ƙirjinsu a tare. Ɗan baƙin mic ɗin nan na maƙale a wuyan rigar kowannensu.

"A buɗe suke," in ji ta. "Tun da aka gwada sauti ba a kashe ba."

Aminullahi ya fizge nasa har maɓalli ya tsinke.

"Zaure ya ji?"

"A'a. Zaure bai ji ba. Ɗakin sauti kawai."

Ya sauke ajiyar zuciya. Amma Sha'aban na kallon fuskar Lovelyn, ya ga ba ta gama ba.

"Lovelyn. Ina kika kai Umma?"

Hawaye ya zubo mata.

"Ɗakin sautin ne ya fi ɗumi. Ta ce tunda ba za ta gan ku ba, a ba ta abin da za ta ji muryar 'ya'yanta. Ni na sa mata a kunne da hannuna, na fita duba haske. Na rantse ban sani ba, Sha'aban. Da na dawo na tarar Raki na ƙoƙarin cirewa, Mama ta riƙe da hannu biyu ta hana."

Ƙwas.

Ƙwas.

Ƙarar sanda ce a kan tayil, tana matsowa a hankali.

Lovelyn ta matsa gefe.

Umma ta bayyana a bakin ƙofa cikin leshinta ruwan toka, mayafi ya zame zuwa kafaɗa, ƙullin dambun nama a hannu ɗaya. Raki na riƙe da gwiwar hannunta tana kuka marar sauti. Umma ba ta kuka. Idanunta a buɗe, suna kallon inda babu kowa.

Aminullahi ya ƙame a gefen ƙofar, rigar sanyi a hannu. Ko taku biyu babu tsakaninsu. Bai taɓa ganin ta da sanda ba. Bai san ta yi ƙanƙanta haka ba.

"Sha'aban," ta kira.

"Na'am, Umma." Ya durƙusa a inda yake.

"Ranar da na ce a gafarce ni, na kwana ina godiya ga Allah. Na yi azumi uku. Ashe kai na roƙa."

"Umma, ki yafe min, tsoro na ji kar ki..."

"Yi shiru. Ka yi magana ta ishe ka."

Ya sunkuyar da kai.

Ta juya fuskarta dama, ta juya hagu, tana saurare.

"Yarinyar ta zo har ƙofata," ta ce, kamar da kanta take magana. "Da fure."

Sai a nan muryarta ta karye. Ta miƙa wa Raki ƙullin, ta damƙe sandar da hannu biyu.

"Wanda na roƙa ba shi na ɓata wa ba. Saboda haka bashin na nan. Babana, kana ina? Yi magana in san inda zan fuskanta."

Daga zaure kiɗan buɗe shiri ya tashi, 'yan kallo suka ɗauki tafi suna kiran sunan Sha'aban.

Aminullahi ya kalli hanyar fita. A buɗe take. In ya bi ta gefenta a hankali, ba za ta taɓa sani ba.

Sha'aban ya ɗago yana kallonsa, yana roƙonsa da ido.

"Babana?" Umma ta sake kira, a wannan karon da ƙaramar murya. "Ko ka tafi?"

Gwiwoyinta suka fara lanƙwashewa. Durƙusawa za ta yi.

"Ga ni, Umma."

Ta tsaya a haka, ba ta miƙe ba, ba ta kai ƙasa ba.

Muryar Aminullahi ce, babu shakka. Amma Umma ba ta juya ko'ina ba. Ta lalubo hannun 'yarta ta matse shi da ƙarfi.

"Raki, ke ce idona. Ki ji tsoron Allah ki faɗa min gaskiya."

Ta ƙara damƙe hannun.

"Bakin wa ya motsa?"